Sa'a Dubu Goma Sha Tara

Hadari ya haɗo ta wajen Kujama,
ya kife Kaduna kamar murfin tukunya.
Jirage uku na kwance a fili, ruwa na dukan fikafikansu,
matuƙansu a ɗaki guda, ba abin tuƙi sai harshe.

Ni makanike ne, ruwan zafi ya shigo da ni,
baƙin mai a farce, sifana a aljihu.
Na tarar magana ta riga buta tafasa.

Kyaftin Lirwanu ya daki tebur:
"Daren Talata, da ni ne, da na sauka!
Iskar garin nan na san ta
tun kana Zariya kana koyon ɗaura ɗamara.
Mutum ɗari da ashirin ka juya da su Abuja,
har da mai jego, har da gawa a cikin kaya,
dangi na tsaye a Tudun Wada, an gama haƙa kabari."

Kyaftin Shekari bai ɗaga murya ba.
Ya juya cokali, ya ce:
"Ran Laraba an binne mutum ɗaya.
Ɗaya. Ƙirga da kyau."

"Sa'a nawa ka yi a sama?"
"Dubu shida."
"Ni dubu goma sha tara. Yaro man kaza!"
"Wace sa'ar, ranka ya daɗe?
Ta agogo, ko wadda ake ara wa mai ganganci?"

Shi ke nan, ɗaki ya rabu biyu.
Aka shiga tonon silili:
wa ya fasa taya a Yola ya ɗora wa kwalta,
wa ya faɗi jarrabawa sau biyu aka rufa masa asiri,
wa kawunsa ya sama wa kujera,
wa ke tsoron manaja fiye da tsawa.
Kowa da igiya huɗu a kafaɗa,
kowa na auna igiyar ɗan'uwansa.

Haulatu ce a kujerar dama daren Talata.
Ita ta ga allura ta faɗi,
ita ta ji jirgi ya saki kamar guga ya tsinke a rijiya.
Sau biyu ta buɗe baki.
"Ke yaushe aka ɗinka miki taki igiyar?"
Ta mayar da maganar ciki, ta bi ta da shayi.

Ni ban da ta cewa, amma ina da ido.
Na san Lirwanu da asuba,
yadda yake dafa cikin jirgi da tafin hannu
leɓɓansa na motsi, yatsunsa ba su tsaya cik ba.
Na san Shekari, mai tambayata sau uku
a kan noti ɗaya da na ɗaure a gabansa.
Tsoro ɗaya ne ke cin su.
Wannan ya sa masa babbar riga,
wancan ya bar shi da singileti.

Sama ba ta karanta takardar kowa.
Ba ta san wa ya yi nasara a ɗakin shayi ba.

Wajen la'asar sakaliya ruwa ya ɗauke,
shinge suka fito suna rububin fitilu,
ƙasa na ƙamshin sabuwar randa.
Aka watse ba sallama, kowa ya ja jakarsa.

A bakin matakala Lirwanu ya rage tafiya
har Haulatu ta iso.
Bai dube ta ba, ya ce ƙasa-ƙasa:
"Iskar nan ta Talata, nawa ta kai?"
Ta faɗa masa.

Ya daɗe yana kallon gabas.
Sai ya yafito ni, kamar zai yi faɗa:
"Ka ce su ƙara mini mai.
Wanda zai mayar da ni Abuja, in ta ƙi."